Lauyan da ya karɓo mini kuɗin masarata a Gombe

Abokan sana'a a Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta Gombe, sun yi ta tambayata yadda aka yi kuɗina suka fito daga hannun kamfanin abincin kajin nan na wata jiha maƙwabciya, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya karanta. Ba zan ambaci sunan lauyan ko na kamfanin ba. Mai bukata ya same ni a rumfa.

A farkon 2023 na loda musu masara tirela uku. Suka biya wani kaso, saura naira miliyan 18, suka ba ni cek, banki ya dawo da shi babu kuɗi. Daga nan sai gobe, sai jibi, sai manaja ya yi tafiya. Wani amini ne ya haɗa ni da wannan Barista, mutum mai furfura wanda ya fara aiki a sashen karɓo bashi na wani banki a Legas, ya koma wani babban ofishin lauyoyi a Abuja, kafin ya dawo gida Gombe ya buɗe nasa. Ba ya karɓar shari'ar aure ko gado ko siyasa. Rigimar kwangila, bashi, hannun jari da saɓanin abokan kasuwanci, nan ya tsaya, kuma ana ganin hakan a aikinsa.

Na je masa da niyyar a kai maganar wurin 'yan sanda a ɗaure manajan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Alhaji, kuɗinka kake so ko hucewar zuciya?" Ya bayyana mini cewa Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki. Bayar da cek ɗin da babu kuɗi a bayansa laifi ne mai zaman kansa tun dokar 1977, amma ko an ɗaure mutum, ɗaurin ba ya zuba ko sisi a asusuna. Ban ji daɗin maganar ba a ranar, sai dai gaskiya ce.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake bin takarda. Mu 'yan hatsi cinikinmu na baki ne da amana. Na zube masa abin da nake da shi a leda: takardun lodi masu tabon mai, takardar awon sikeli, cek ɗin, da wayata. Ya sa tabarau ya ɗauki takardun lodin ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su wajen hasken taga, yana neman sa hannun wanda ya karɓi kaya da hatimin sito. A ta uku hatimin ya kusa gogewa, sai ya koma saƙonnin WhatsApp, ya gano inda manajan ya rubuta da kansa cewa mota ta uku ta iso kuma za su biya ragowar ƙarshen wata. Ya ɗora yatsa a kan allon wayar ya ce wannan layin ya fi shaidu goma. Ya gargaɗe ni kada in sayar da wayar ko in goge komai, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana da sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta, har da takardar tabbaci kan na'urar.

Sai kuma ya bincika rajistar Hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, ya tarar sunan da ke allon ƙofar kamfanin daban, wanda aka yi wa rajista daban. Da mun kai ƙara da sunan allo, da lauyansu ya rusa ta tun a zaman farko. Irin wannan sai wanda ya daɗe yana shan gwagwarmaya da masu cin bashi.

Ya fara da wasiƙar gargaɗi, suka yi biris. Ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Jihar Gombe, ya ce bashin ciniki irin nawa hurumin kotun jiha ne, ba ta tarayya ba. Ya bi gajeriyar hanyar da ake bi idan adadin bashi a bayyane yake kuma wanda ake ƙara ba shi da wata kariya ta gaske, inda takardar rantsuwa ke yin yawancin aikin. Da yake tsara buƙatunmu ya tambaye ni ko a nemi kuɗin ruwa a kan bashin. Na ce a'a, uwar kuɗina kawai nake so. Bai ja da ni ba, ya soke layin nan take. Na girmama shi a kan haka.

Da muka samu hukunci na ɗauka an gama, ashe da sauran aiki. Kamfanin ya ƙi biya. A nan ne zamansa a banki ya yi rana. Ya nemi kotu ta umarci bankunan da kamfanin ke ajiya su zo su bayyana abin da ke asusunsa, aka riƙe kuɗin, daga baya aka ba da umarnin ƙarshe a biya ni. Lambar asusun da ke jikin cek ɗin nan da ya dawo ita ta nuna masa ƙofar farko.

Akwai inda ban ji daɗi ba. Samunsa a waya wahala ne, kuma sau da dama in an ɗage zama sai na bi sawu da kaina kafin in ji sabuwar rana. Wasu zaman ƙaramin lauyansa yake turawa ba tare da ya sanar da ni ba, ko da yake yaron ya san fayil ɗin sarai. Kuɗinsa ma ba na wasa ba ne: kafin alƙalami, sannan kaso daga abin da aka karɓo. Amma duk a rubuce muka yi tun ranar farko, kuma kowane kuɗin kotu da na bayar ya kawo mini rasit.

Shari'ar ta haura shekara, da hutun kotu da ɗage-ɗage. Kafin kuɗin su shigo an cire tallafin man fetur, farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabo, miliyan 18 ɗin ba ta iya sayen masarar da na bayar. Shi ma ya faɗa mini haka tun farko, har ya ce in sun kawo tayin sulhu mai ma'ana in karɓa. Ba su kawo ba.

Wanda bashinsa 'yan dubbai ne, ya nemi shugabannin kasuwa su sasanta, kuɗin Barista zai cinye ribar. Wanda kuwa kamfani ya riƙe wa miliyoyi kuma yana da ko da guntuwar takarda, zan kai shi ofishin da ƙafata. Yanzu haka shi ya tsara mini takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da nake sa kowane kamfani ya sa wa hannu kafin a fara lodi.