Sharhi kan asibitin kuɗin da na haihu a Sabon Garin Zariya

Wannan ce haihuwata ta uku, amma ita ce ta farko a asibiti, domin biyun farko a ɗakin mahaifiyata da ke cikin birni na yi su, a hannun ungozomar unguwarmu. Kumburin ƙafa da ciwon kan da suka matsa mini ne suka sa maigidana ya yankar mini kati a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke Sabon Gari.

A ɓangaren awon ciki ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Duk zuwa sai an gwada nauyi da jini da fitsari, an ba ni maganin ƙarin jini, kuma Fansidar ta rigakafin zazzaɓin cizon sauro a gabansu ake haɗiye ta da ruwan leda, saboda sun san halinmu na kai magani gida mu ajiye a kan taga. A mako na 32 jinina ya kai 150/100. Sistar da ta auna ba ta firgita ni ba. Ta zaunar da ni, ta bayyana mini cewa da zarar jinin mai ciki ya kai 140/90 dole a sa ido, domin yana iya kai wa ga jijjiga. Aka ɗora ni a kan magani, aka mayar da awona mako-mako, likita kuma ya faɗa wa maigidana ƙarara cewa idan abin ya ci tura, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Shika zai tura mu.

Daren naƙuda ne ya rage musu daraja a idona. Mu uku ne a ɗakin, ungozoma kuwa ɗaya tak, ga shi an ɗauke wuta an daɗe ba a tayar da janareta ba, har sai da gwaggona ta riƙe fitilar waya tana haska mata. Da ciwo ya kai mini karo na ɗaga murya, sai ungozomar ta ce, "Hajiya, ai ba farin shiga ba ce ke, ki rage mana ihu." Har yau maganar tana yi mini zafi, ko da yake hannunta na ƙwararriya ne: yaro na faɗowa ta yi mini allurar tsayar da jini a cinya, ta murza mini mara, ta juya mabiyiya ta tabbatar ta fita duka.

Ranar sallama likita ya kira mahaifiyata gefe a kan maganar jego. Ya ce, "Inna, a yafe mata kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa," ya kuma shaida mata cewa tun a shekarun 1970 likitocin ABU suka danganta waɗannan al'adu da ciwon zuciyar da ke kama masu jego a nan Zariya, balle ni da ke fama da hawan jini. Inna ta ce ita da su ta yi jego tara, ga ta garau. Sai da maigidana ya sa baki kafin aka tsaya a kan kunun gyaɗa da ruwa mai ɗumi, kodayake ganyen darbejiyar wanka kam ba ta yarda an cire ba.