Layin ba da shawara da wajen aikinmu ya biya mana lokacin korona, ga yadda na same shi

Abokan aiki biyu sun tambaye ni ko wannan layin da kamfanoni ke biya wa ma'aikatansu su kira su yi magana da masanin lafiyar ƙwaƙwalwa yana da wani amfani, to bari in faɗi nawa tunda ni na kira shi sosai.

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, ba a daɗe ba aka ce kowa ya ɗau kwamfutarsa ya koma gida. Wajen wata na uku bacci ya ƙaurace min, in kwanta ƙirjina na bugawa, ga mitin a Zoom daga safe har dare, ga yara ba makaranta, ga maganar rage ma'aikata kullum tana yawo, kira ya shigo gabana ya faɗi tun kafin in ga sunan mai kiran. Lambar layin tana cikin imel ɗina kusan wata biyu ban taɓa ta ba, tsorona kar maganar ta koma kunnen oga.

Shi na fara tambaya kuwa, suka ce kamfani adadin waɗanda suka kira kawai yake gani, ba suna ba abin da aka faɗa, kuma gaskiya har yau ban ji ko kalma ɗaya tawa a bakin kowa ba. A nan kam sun cika alkawari.

Matar da aka haɗa ni da ita wallahi ta san aikinta. Zaman farko kusan ni kaɗai nake ta zuba tana saurare, ba ta katse ni ba, ba ta ce min ai kowa ma haka yake ji ba, wanda shi ne abin da na gaji da ji. Daga baya ta sa na tsayar da lokacin tashi daga aiki, na fitar da kwamfuta daga ɗakin kwana, labaran korona sau biyu kawai a rana maimakon duk minti biyar ina duba waya, abin da ke cin raina kuma in rubuta shi a takarda kafin in kwanta. Ta kuma bambance min gajiyar aiki da ciwon damuwa, ta ce in baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka wuce sati biyu to likita zan gani, kar in tsaya a wajenta kawai. Cikin wata ɗaya baccina ya fara dawowa.

Inda suka gaza, zama shida kawai aka ba mu, ina fara sakin jiki aka ce ya ƙare, da na sake kira kuma wani daban aka ba ni, sai da na maimaita komai tun daga farko, abin ya yi min ciwo sosai. Kwana tara na jira kafin zaman farko, na dai yi musu uzuri, don ita Hukumar Lafiya ta Duniyar ta ce fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a shekarar farko ta annobar, masu kira sun yi yawa.

Wanda ya fi damuna ba ma laifinsu ba ne, shugabanninmu ne suka mai da layin abin wanke kai, ka ce aiki ya yi maka yawa a ce ka kira lambar, ƙarfe taran dare kuma a turo maka sabon aiki. Ita kanta matar ta ce min wannan ba a hannunta yake ba.

Na ba su tauraro huɗu cikin biyar. In wajen aikinku na da shi ku kira, amma tun kiran farko ku tambayi zama nawa za a ba ku, kuma ku nemi a bar ku da mutum ɗaya har ƙarshe.