Waya uku ko waya huɗu wajen haɗa ma'aunin zafi na Pt100

Ma'aunin zafi na Pt100, wanda ke gane zafi ta yadda turjiyarsa ga wutar lantarki ke canzawa, yana da turjiyar om 100 (om shi ne ma'aunin turjiya) a digiri 0 na Selshiyas, kuma turjiyar tana ƙaruwa da kusan om 0.385 a kowane digiri. Saboda haka, om ɗaya tak da doguwar wayar jan ƙarfe mai haɗa shi da na'urar karanta awo ta ƙara yana iya karkatar da awo da fiye da digiri biyu da rabi.

Haɗin waya uku ne ya fi yawa a masana'antu. Na'urar tana lissafa turjiyar waya ta cire ta, bisa zaton cewa wayoyin tsawonsu da kaurinsu ɗaya ne. Amma da zarar ma'aikaci ya yi ƙari da guntuwar waya mai wani kauri, ko tsatsa ta kama bakin sukurun haɗi guda ɗaya, lissafin ya ɓaci ba tare da kowa ya ankara ba.

A haɗin waya huɗu kuwa, biyu ne ke kai wuta, biyu kuma ke ɗaukar awo, don haka turjiyar waya ba ta shiga lissafi. Kuɗinsa ya fi yawa, amma a ganina ɗakin gwaji da tukunyar haɗa magani sun cancanci wayar ta huɗu, alhali tankin ruwan sanyaya inji waya uku sun ishe shi.