Kayan kiran tsuntsaye da na sa aka ƙera min a Katako, bayan wata bakwai

Salamu alaikum jama'a. Duk wanda ya shigo gidana nan unguwar Lazare a Yamai sai ya tsaya wajen bishiyar lemun tsamin nan yana tambaya wai wannan ƙarfen da kaskon na mene ne, ina na samo, nawa na saya, har na gaji da maimaitawa, to bari in faɗa sau guda kowa ya huta. Kaya uku ne na sa aka yi min a kasuwar Katako ƙarshen watan Fabrairu: abin zuba ma tsuntsaye hatsi, tasar ruwa, da ɗan akwatin sheƙa. Yau wata bakwai kenan, sun ga zafi sun ga damina, don haka yanzu in na yi magana ba ji na yi ba.

Asalin abin ƙanena ne da ke zaune Amurka ya turo mana bidiyo ta WhatsApp, bayan gidan wani abokin aikinsa a wajen birnin New York, wasu tsuntsaye shuɗaye shar da ƙirji kalar jar ƙasa suna sauka kan wani ɗan faranti suna tsince tsutsa, wai sunansu bulubad, shuɗin tsuntsu kenan kawai ba wata fassara. Ɗiyata ta biyu ƴar shekara tara ta kalli bidiyon nan ya fi sau ashirin, daga nan ba ta bar ni na sha ruwa ba, Baba mu ma a yi mana, Baba mu ma a yi mana. Ni ma dai gaskiya abin ya shiga raina, ba zan ɗora ma yarinya duka ba.

Wanda ya san Katako ya san ba abin da ba a ƙerawa can, tsohon tano ya koma murhu ko akwati, gwangwanaye a narke su koma tukunya, ga ƙarar guduma ta ko'ina sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Na samu wani maƙeri dattijo mai walda, na nuna masa hotunan cikin waya, ya riƙe wayar nesa da ido ya daɗe yana kallo sannan ya ce, Alhaji wannan tarko ne? Na ce a'a Malam, abinci kawai zan ba su. Ya ce su ci su tashi? Na ce su ci su tashi. Ya juya ya kalli yaron shagonsa, yaron ya duƙar da kai yana dariya. Ya ce to Allah ya ba da lada, jika sha biyar. Muka ja muka ja aka tsaya jika goma duka ukun, shi zai ba kafintan da ke gefensa aikin akwatin, na ba da jika biyar abans, ya ce ran Alhamis. Alhamis ɗin nan sai da ta zama sati biyu da kwana, yau an ɗauke wuta, gobe yaro ya tafi biki, sau uku ina ƙona esans zuwa Katako. Wannan kam ku sa a lissafi in za ku ba da aiki.

Abin zuba hatsin shi ne ya fi komai kyau kuma ba ni da ta cewa. Faranti ne mai faɗin kamar taki biyu, da ɗan rufi a sama irin na rumfa, a kan bututun ƙarfe da ya kai min ƙirji. Abin da ya burge ni, ban ce masa ba amma ya ɗauki ƙusa ya huhhuda ƙasan farantin, ya ce in ruwan sama ya shiga ya samu hanyar fita kar hatsin ya tsira ko ya yi funfuna. Da damina ta zo na gane dattijon ya san abin da yake, iskar nan ta farkon damina mai tahowa da jar ƙura ta kayar da tol ɗin maƙwabcina amma wannan ko gezau. Waldar tsaf take, ba kaifi a bakin da zai yanki hannun yara.

Tasar ruwa fa, nan aka samu matsala. Da tol ya yi ta, mai zurfi kamar ta wanke-wanke, ya kuma shafe ta da shuɗin fenti mai mai wai don ta dace da tsuntsayen. Sati guda tana warin fenti ko kurciya ba ta kusance ta ba. Da warin ya tafi sai zafi ya shigo, kun dai san Afrilu da Mayu a Yamai, sama da digiri 40 kusan kullum, wani yinin ya tasam ma 45, ƙarfe sha biyun rana in ka sa yatsa cikin ruwan nan sai ka ce za a dama koko. Ga zurfi, ƙananan tsuntsaye ba sa shiga ruwan da ya wuce ƙafarsu, sai su tsaya a baki suna leƙe, bakin kuma santsi. Wata safiya yarinyar ta tarar da wani ɗan ƙarami ya faɗa ya kasa fita, Allah ya sa da sauran numfashi ta tsamo shi da ludayi. Kafin wata biyu fentin ya fara ɓarewa tsatsa ta fito. Na koma na gaya masa, bai yi musu ba, ya ce Alhaji ai ka ce tasa, tasa na yi. To haka ne kuma.

Abin da ya gyara lamarin dala ɗari ne kacal. Uwargida ce ta ce Malam wai kai ba ka ga inda kaji ke shan ruwa a ƙauye ba ne, ta aiki yaro ya sayo kaskon ƙasa irin na matan garin Bubon, mai faɗi marar zurfi, muka ajiye shi inuwar lemun a kan bulo biyu, muka jefa duwatsu uku a ciki, ruwa bai wuce gaɓar yatsa ba. Kasko yana tsatsafowa kamar randa, ruwan na zama da sanyi har la'asar, kuma bakinsa da kaushi ƙafa na kamawa. Na rataya wata tsohuwar gorar roba a reshe na huda ta da allura tana ɗiga ɗis ɗis cikin kaskon. Wallahi kwana biyu aka yi gidan ya cika. Hatsin da na yi sati uku ina zubawa bai kawo rabin abin da ɗigon ruwan nan ya kawo ba, a garin nan lokacin zafi tsuntsu ƙishi ke damunsa, abinci yana samu a bola da bakin turmi.

Akwatin sheƙa kuma laifina ne, kafinta ya yi daidai da hoto, har ƙofar na sa ya auna milimita 38 kamar yadda ƙanena ya faɗa min. Sai daga baya da na zauna na bi labarin tsuntsun na gane dalilin akwatin. Shi bulubad iri uku ne kuma duka a Amurka ta Arewa suke, ba ya haye teku ya zo nan ko da wasa. A kogon itace yake sheƙa amma bai iya sassaƙa kogon da kansa, sai wanda ya tarar. To Turawa suka kai gwarar ƙasarsu can tun wajejen 1850, a 1890 kuma aka saki wani dangin shaya na Turai a Central Park cikin New York, baƙin nan biyu suka yaɗu suka ƙwace kogunan, ga tsofaffin itatuwa ana sarewa, sai shuɗin ya yi ta raguwa. Shi ya sa mutane suka shiga kafa masa akwatuna a gonaki da bakin hanya, har wani mai suna Lawrence Zeleny ya kafa ƙungiya sukutum don wannan tsuntsun a 1978, kuma ya farfaɗo. Milimita 38 ɗin nan an zaɓe ta ne don shayar Turai ba ta iya kutsawa, amma gwara tana shiga abinta. Kuma ko hatsi bai dame shi ba, ƙwari yake ci da ƴaƴan itace, shi ya sa muka ga tsutsa a farantin cikin bidiyon. Wato ni na kwafo maganin ciwon da ba mu da shi.

Akwatin nawa wata uku tsaka ce a ciki, daga baya zanzaro ya yi gininsa a lungu, da damina ta kama sai ga gwara miji da mata sun cika shi da ciyawa da gashin kaza da zaren buhu. Abin da mutanen Amurka ke kora shi na gina ma gida da kuɗina. Uwargida ta ce to ai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kai ne ka je aro.

Amma fa shuɗin tsuntsu mun samu, namu na nan gida, asisi. Wanda bai lura ba zai ce bai taɓa ganinsa ba alhali yana nan cikin kartiye, ɗan mitsitsi ne tsawonsa santimita 12 zuwa 13 har da wutsiya, nauyi kamar giram 10, bayansa ruwan ƙasa, fuska da ƙirji da wutsiya shuɗi mai haske kamar sararin sama bayan an ɗauke ruwa. Namijin yana da jan ɗigo a kumatu kamar an dangwala masa lalle, macen babu. Wajen ƙarfe bakwai na safe suke zuwa bibbiyu da ɗan kukansu siriri tsii tsii, su sauka kan waya tukuna, sai reshe, sai dutsen cikin kasko, su tsoma ƙirji su karkaɗa fiffike ruwa na fantsama, su koma reshe suna gyaran gashi. Ran nan muna shan shayi na ga namijin ya ɗauko tsinken ciyawa a baki, ya riƙe shi ta gindi yana tsalle sama ƙasa a kan reshe gefen macen yana waƙa, yarinyar ta toshe bakinta da hannu don kar dariya ta kore su. Shi asisi ba ruwansa da akwati, dunƙulalliyar sheƙa yake saƙawa da ciyawa cikin ƙaya, ƙofa a gefe, sau da yawa ma kusa da gidan rina don a ji tsoron taɓa shi. Namu cikin lemun tsamin suka yi, inda ƙaya ta fi yawa. Da na sani kuɗin akwatin da na sayi ɗan dashen magarya na ƙara.

Wani abu kuma, asisi da ba'u, jajayen nan masu shiga har cikin madafa, a ƙasa suka fi son ci, ba su cika hawa farantin ba. Farantin na kurciya ne da gwara da shaya. Sai na koma ina watsa musu tsakin hatsi a gindin bishiya, wanda aka ɓarza, don ƙwayar dawa ta yi ma bakinsu girma, shinkafa dafaffa kuma kar ku zuba, tsami take yi ta tara ƙuda. Tiya guda tana kai ni wajen sati uku in ban yi almubazzaranci ba. Ranar da ayarin jan baki suka gano wurin kam cikin minti goma suka share faranti tas, sai na daina cikawa, ɗan kaɗan da safe ɗan kaɗan da la'asar.

Tsutsar da ke cikin bidiyon ban wahalar da kaina nemanta ba, na yi dabarar masu kiwon zabi: tsohuwar tukunya, busasshiyar kashin shanu da karan dawa, a yayyafa ruwa a kife a inda gara ke bi, kwana biyu a ɗaga a kakkaɓe. Asisi na son gara sosai barin ma lokacin da suke ciyar da ƴaƴa, ranar har tsanwaka ta sauko kan katanga tana leƙe. Sau biyu na yi uwargida ta ce in ta sake ganin tukunyar nan kusa da ɗakinta ni da tsuntsayen za mu koma bakin kogin Isa da zama, kuma tana da gaskiya, gara a gida ba abin wasa ba ce. Yanzu sai in shinge ya fito bayan ruwa yara su tara a kwano.

Wahalar da ba wanda ya gaya min: hatsin da ya zube yana kiran kusu, dole a share gindin kowace yamma. Mussar maƙwabta ta mayar da wurin gidan abinci, ta kama kurciya biyu kafin in matsar da kaskon nesa da katanga in sare rassan ƙasa inda take laɓewa. Ruwan kuma kullum a zubar a goge kaskon a sake, barin ma da damina, in ka bar shi sati sauro ka kiwata, kuma ba wanda zai yafe maka zazzaɓin yara saboda tsuntsu.

In wani zai je wajen dattijon, abin hatsin shi kaɗai ya sa a yi masa, bai kamata ya wuce jika biyar ba, kuma ya cancanci kuɗinsa, kar ka yarda a shafa fenti a cikin farantin, waje kawai. Tasar ƙarfe a bar ta, tawa yanzu yara ke wanke takalma a ciki. Akwati sai in kana son gwara. Jibi ma zan koma wajensa ya yi min wani mazurari na tol a kife a jikin bututun saboda kusu ya koyi hawa, ya ce jika guda da rabi, ya kuma ce ran Alhamis.