Butel ɗin iska na ajiya a motar kashe gobara: a kwance ko a tsaye?

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ɗaya daga cikin ƙannenmu ya kawo tambaya: motarsu ba ta zo da wurin ajiye ƙarin butel ɗin iskar numfashi ba, mai walda kuma ya ce zai iya yi musu ɗaya cikin biyu, ko bututu a zura kowane a kwance, ko maƙali a jikin bango a ɗaure su a tsaye. Wanne ya fi?

Ƙanena, ni dai kwance na zaɓa maka, kowane butel cikin bututunsa. Ga dalilina.

Fara da sanin abin da kake ɗauka. Butel na ƙarfe mai lita 6 ana cika shi har bar 300 (bar ma'aunin matsin iska ne), nauyinsa a cike ya kai kilo 10 ko ya ɗan haura. Na zaren kabon mai lita 6,8 shi ma bar 300 ne, sai dai ya fi sauƙin nauyi sosai. Jikinsu yana da ƙarfi, domin ana gwada su a bar 450. Rauninsu yana wuya, wurin robine, wato famfon buɗe iskar da rufe ta. In robine ya daki ƙarfe ya karye, iskar za ta fita lokaci ɗaya, butel ya tashi da ƙarfin da zai iya fasa ƙofa ko ya kashe mutum. Don haka abin da ya kamata a auna kowace hanya da shi shi ne: wacce ta fi tsare robine?

Na tsaye yana da amfaninsa, ba na musu. Yana shiga lungu mai ƙunci, ana ganin butel gaba ɗaya, kuma ciro shi ba wuya. Matsalarsa ita ce duk amanar tana kan ɗamara. Ƙa'idar motocin kashe gobara ta Amurka, NFPA 1901, wadda daga baya aka haɗe ta cikin NFPA 1900, ta ce maƙalin na'urar numfashi da ke ɗakin ma'aikata sai ya iya riƙe ninki 9 na nauyinta idan an yi karo. Yi lissafi: butel mai kilo 11 sau 9, kusan buhun gero ke nan ya taso a kan ɗamara ɗaya. Tsohuwar roba ta taya ba za ta riƙe wannan ba, haka ma ɗamarar da rana ta ci. Kuma ko ba karo, hanyoyinmu kaɗai sun isa. Motar da ta bar kwalta ta shiga hanyar ƙauyukan Madarunfa ko Dakoro, girgiza ce tun daga fita har dawowa. Ɗamara tana sakin jiki a hankali, butel ya riƙa tsalle a mazauninsa, robine kuma yana sama a fili, inda gatari ko bakin mesa zai iya faɗo masa. Sannan akwai halin ɗan Adam: an dawo daga gobara da tsakar dare, kowa ya gaji, sai a ɗaura ɗamara ɗaya a bar ta biyu.

Bututu shi bai dogara da ƙwazon mutum haka ba. Da ka zura butel, an riga an tare shi sama da ƙasa da gefe, hanya ɗaya ta rage masa, ta bakin bututun. Wannan hanyar ce za ka rufe, kuma nan ne masu walda suka fi yin sakaci. Kada ƙofar akwatin mota ta zama ita kaɗai ke tare shi. Ƙofa takan buɗe a kwana, ko a buɗe ta motar tana tsaye a gangare butel ya sulalo kan ƙafar mutum. A sa madauki da zai kama wuyansa, ko sakata. Bututun ya ɗan karkata, gindinsa ya fi bakinsa ƙasa. Robine ya kalli ƙofa amma ya shige ciki, kada ya taɓa komai ko da an rufe. A jera bututun a gicciye, daga gefen mota zuwa gefe, domin birki ya tura butel jikin bututu maimakon ya tura shi kan robine. Kuma a yi su can ƙasa, a waje da ɗakin da mutane ke zama.

Aibin bututu ɗaya ne babba: yana ɓoye ɓarna. Ƙurar hunturu da yashi suna taruwa a ciki, girgiza ta mai da su abin gurza. Na ƙarfe fenti zai ci, tsatsa ta biyo baya idan ruwan damina ya kwanta. Na kabon kuwa abin ya fi muni, don in gurzar ta kai ga zaren, butel ya fita aiki sai an duba shi. Saboda haka a shimfiɗa roba a ciki, a huda ƙasan don ruwa ya fita, a riƙa ciro su ana sharewa. Faɗin bututun ya dace da butel ɗin; na kabon ya fi na ƙarfe kauri, kada a auna da ɗaya a zura ɗayan.

Zafi bai bar kowannensu ba. Butel da aka cika bar 300 da sanyin safiya, in akwatin ƙarfe ya kai digiri 60 a ranar Afrilu, zai haura bar 340. Nesa da salansa, nesa da batir da jarkar mai, kuma a sa marfi a bakin robine.

In dai wuri ya tilasta muku na tsaye, to a yi masa mazauni mai zurfi da gindin zai shiga, ɗamara biyu masu ƙugiyar ƙarfe, da wani ƙarfe a sama da zai kare robine. Kafin mai walda ya fara yanka, ku kai masa butel wanda babu iska a ciki ya auna, kuma ku fitar da cikakkun duka daga motar har ya gama.