Sharhi Kan Tsarin Saƙar Suwaita Marar Ɗinki Mai Adon Tsallake

Na sayi wannan tsarin saƙa ta intanet, na bi shi tun daga wuya har zuwa bakin hannu, kuma na sa rigar na wanke ta kafin in zauna rubuta abin da na gani. Hukuncina shi ne tsari ne mai kyau wanda ya cancanci lokacin da ake ba shi, amma yana da giɓi guda babba a wajen awon kafaɗa, kuma duk wanda zai saƙa shi ya kamata ya san da wannan giɓin tun kafin ya ɗora zare a kan kibiya.

Ana fara rigar daga wuya a kan kibiyar zagaye, wato kibiyoyi biyu da siririyar igiya ta haɗa, ana ta kewayawa ana ƙara idanu, wato madaukan zaren da ke jere a kan kibiya, har saƙar ta buɗe ta rufe kafaɗu da ƙirji. Idan an kai hammata sai a kwashe idanun hannuwa biyu a ajiye su a kan wani zare na daban, a ci gaba da gangar jiki har ƙasa, daga baya a dawo kan hannuwan. Babu wani ɓangare da ake saƙawa daban a ɗinke, kuma amfanin wannan a fili yake: mutum yana iya zura rigar a jikinsa tana tsakiyar aiki, ya ga inda ta matse da inda ta saki, ya kuma tsayar da tsawonta a inda ransa yake so ko inda zarensa ya ƙare. Ba'amurkiya Barbara Walker ce ta yaɗa wannan hanya da littafin da ta wallafa a 1972, kuma ita ce a 1976 ta fitar da littafi sukutum a kan adon launi biyu da ake yi da tsallaken ido, wanda shi ne ginshiƙin adon wannan riga.

A wajen adon ne tsarin ya fi burge ni. Wanda ya ga kafaɗar rigar zai ɗauka an riƙe zare biyu a hannu ana musanya su ido bayan ido, alhali kuwa launi ɗaya kaɗai ake riƙewa a kowane zagaye. Ana yin zagaye biyu da zare mai duhu, sannan biyu da mai haske, kuma duk inda zanen da ke takardar tsarin ya nuna, sai a ƙetarar da ido daga kibiyar hagu zuwa ta dama ba tare da an saƙa shi ba, zaren yana wucewa ta bayansa. Idon da aka ƙetarar yana miƙewa ya hau sama da launinsa na baya, ta haka ne launuka biyu suke shiga juna su fitar da zane. Saboda ba a tsallake idanu da yawa a jere, zaren da ke kwance a cikin rigar gajere ne, ba ya kama yatsa ko agogo idan ana sa ta. Zanen da aka bayar a takardar ya fito sarai, an kuma rubuta umarnin da kalmomi a gefensa domin wanda bai saba karanta zane ba, kuma bayan maimaici kaɗan hannu yana haddace shi har a daina duba takarda.

Sai dai wannan miƙewar idon da ke kawo kyau ita ce kuma take kawo matsala. Ido ɗaya da aka tilasta masa ya tsaya tsawon zagaye fiye da ɗaya yana janyo maƙwabtansa, saboda haka saƙar tana tsukewa a faɗi kaɗan, tana kuma gajarta a tsawo sosai. Da matsakaicin ulu a kan kibiya mai milimita 4, saƙa mai santsi, wato marar ado, ta ba ni ido 22 da zagaye 30 a santimita 10, kamar yadda aka saba gani, amma a wajen adon sai da na yi zagaye kusan 40 kafin in cika wannan santimita 10 ɗin. Takardar ta ba da awon saƙa mai santsi kaɗai, sannan ta faɗi zurfin kafaɗa da adadin zagaye ba tare da ta faɗe shi da santimita ba. Ga rigar da dukan adonta yake a kafaɗa, wannan ba ƙaramin rashi ba ne, domin wanda hannunsa yake da ɗan tsauri zai cika adadin zagayen da aka ce, ya raba hannuwa, sannan ya tarar hammatar ta hau sama ta shaƙe shi. Abin da ya fitar da ni shi ne ɗan samfurin gwaji da na saƙa da adon, a zagaye kamar yadda za a saƙa rigar, na jiƙa shi na bar shi ya bushe kafin in auna. Daga nan na ƙara kaurin kibiya zuwa milimita 4.5 a wajen adon kaɗai, na kuma riƙa auna zurfin kafaɗar da tef ina kwatanta shi da wata riga da ta zauna mini daidai. Layi ɗaya da aka ƙara a takardar da ya ɗauke wa mai saye duk wannan aikin, kuma ina ganin haƙƙinsa ne a ba shi.

Bayan wuya an ɗaga shi da gajerun layuka, waɗanda ake juyawa kafin a kai ƙarshen zagaye, domin baya ya fi gaba tsawo da 'yan santimita. An yi bayanin wannan da kyau, kuma shi ya sa wuyan bai danne maƙogwaro ba. Farkon zagaye an ajiye shi a bayan kafaɗa, inda ɗan tudun da sauyin launi yake bari ba ya ɗaukar ido.

A hammata takardar ta ce a tsinci idanu daidai da adadin sababbin da aka ɗora a wurin lokacin raba hannuwa, amma hakan yana barin ƙananan ramuka biyu a kusurwoyi. Na tsinci ƙarin ido ɗaya a kowane gefe na rage shi a zagaye na gaba, ramukan suka rufe. Hannuwan da gangar jikin saƙa ce mai santsi mai launi ɗaya, doguwa kuma ba ta buƙatar tunani. Akwai masu gajiya da ita, amma ni na same ta hutu bayan lissafin kafaɗa. Abin lura shi ne a wannan mataki rigar ta yi nauyi, kuma dole a riƙa juya ta gaba ɗaya a kan cinya yayin saƙa kowane hannu.

Game da zare, launuka biyun suna buƙatar bambanci na gaske tsakanin duhu da haske. Launuka biyu masu kyau amma masu ƙarfi ɗaya suna narkewa cikin juna, zanen ya ɓace daga nesa. Hanya mai sauƙi ta gwadawa ita ce a ajiye ƙullayen biyu tare a ɗauke su hoto, a mayar da hoton baƙi da fari. Idan sun zama toka iri ɗaya, a sauya ɗaya. Na zaɓi ulu mai murɗi sosai wanda ba a sarrafa shi domin injin wanki ba, saboda ulun da aka sarrafa yakan saki ya ƙara tsawo idan ya sha ruwa, kuma riga marar ɗinki ba ta da abin da zai riƙe ta. Ɗinkin kafaɗa a riga ta al'ada shi ne yake ɗaukar nauyin hannuwa da jiki, a nan kuwa nauyin duka yana rataye a wuya. Adon tsallaken yana taimakawa, tun da saƙarsa ta fi kauri da ƙarfi, amma bakin wuyan kansa ya fara buɗewa bayan an sha sa rigar, har sai da na bi cikinsa da layi ɗaya na ƙwarashi a baya daga kafaɗa zuwa kafaɗa, sannan ya tsaya.

Zan ba da shawarar wannan tsari ga wanda ya taɓa saƙa hula ko wani abu a zagaye, ya iya ƙari da ragi, yana kuma son ya shiga aikin launi ba tare da riƙe zare biyu ba. Wanda bai taɓa saƙa riga ba ma zai iya, muddin ya yarda ya saƙa samfurin gwaji da adon, ya kuma zura rigar a jiki kafin ya raba hannuwa. Idan zai rufe bakin ƙasa da na hannu, ya yi amfani da kibiya mafi kauri ko rufi mai talewa, domin rufin da takardar ta nuna ya fi sauran saƙar tsauri, kuma a wajen ƙugu ake fara jin sa.