Gwanjon Intanet Ko Kanti: Ina Ya Dace Kafinta Ya Sayi Kayan Aikinsa?

A kunnen mai jin Hausa, kalmar gwanjo tana tafe ne da ma'anar araha, domin da zarar an ce abu na gwanjo ne, zuciya takan ɗauka cewa an same shi a ƙasa da kuɗinsa. Wannan fahimtar ce take jefa kafintoci da masu sha'awar aikin katako cikin asara a shafukan gwanjo na intanet, inda mutum zai kwana yana bibiyar zarto ko filen kankare katako, ya yi nasara a kan sauran masu tayi, sannan daga baya ya gano cewa sabon irinsa yana nan a kanti a kan kuɗin da bai kai wanda ya biya ba. Abin yana damuna ƙwarai, saboda kuɗin kayan aiki guminsa ne mutum ya tara, kuma duk abin da ya ƙaru a kan filen guda an rage shi ne daga kuɗin katako, ko dutsen washi, ko wani abin da shagon ke bukata.

Kafin a kwatanta hanyoyin biyu, ya kamata a san yadda farashi yake tashi a gwanjo. A shafin eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995, mai tayi yana rubuta iyakar abin da zai iya biya ne, shafin kuma ya riƙa ƙara masa tayi kaɗan-kaɗan a madadinsa duk lokacin da wani ya taya, har sai an kai wannan iyakar. Wanda ya ci yana biyan ɗan abin da ya ɗara tayin mutum na biyu. Tsarin yana da kusanci da wanda masanin tattalin arziki William Vickrey ya yi bayaninsa a 1961, kuma a bisa ƙa'ida yana kare mai saye, tunda ba lallai ne ya biya dukan iyakarsa ba. Sai dai yana da wata fuskar da mutane ba su cika lura da ita ba, wato farashin ƙarshe yana hannun mutum biyu ne kawai, waɗanda suka fi kowa zaƙuwa. Ko da mutum ɗari sun san ainihin darajar abin sun janye, idan aka samu biyu da suka ƙi haƙura, farashin zai bi zuciyarsu ne.

An taɓa auna wannan lamari. A wani bincike da Young Han Lee da Ulrike Malmendier suka wallafa a 2011, sun bi diddigin gwanjon wani kayan wasa a eBay, wanda a daidai lokacin ana sayar da sabonsa a kan tsayayyen farashi a wannan shafin. A kashi 42 cikin 100 na gwanjon da suka duba, wanda ya ci ya biya fiye da tsayayyen farashin, alhali kuwa tsiraru ne daga cikin masu tayin suke wuce gona da iri. Idan haka ta faru da abin wasa, to kayan aikin kafinta sun fi kusa da wannan tarkon, domin akwai ƙauna a tsakanin mai sana'a da kayan aikinsa.

Ni ma abin ya taɓa faruwa da ni a kan wani ƙaramin filen hannu, ƙirar wani kamfani da har yanzu yake ƙera shi. Kwana shida farashinsa yana ƙasa da rabin na kanti, ni ne kuma a gaba, har na fara tunanin inda zan ajiye shi a kan teburin aiki. Saura minti huɗu a rufe sai saƙo ya shigo cewa an wuce ni. Na ƙara, aka sake wuce ni, na sake ƙarawa, idona yana kan agogon da ke ƙirga daƙiƙu, ban ko tuna da farashin kanti ba. Da na haɗa abin da na ci a kai da kuɗin aikawa, sai na tarar na wuce kuɗin sabo da kusan kashi ɗaya cikin goma, ga shi babu garanti, ga kuma wuƙarsa da ɗan ɓalli a baki wanda ya ci mini awa guda a kan dutse. Abin da na fahimta daga baya shi ne, kwanakin nan shida da na yi a gaba sun sa na ɗauki filen a matsayin nawa, saboda haka a mintunan ƙarshe ji nake yi kamar ana ƙwace mini abina ne.

Lissafin gaskiya yana farawa ne daga farashin kanti, a yi ta ragewa. A ɗauka sabon abu yana kan 100 a kanti, har da kawo shi gida. Kayan kafinta ƙarfe ne mai nauyi, filen lamba 4, wato matsakaicin filen hannu, shi kaɗai yana kusan kilo 2, don haka kuɗin aikawa zai iya cin 15, musamman idan daga wata ƙasa zai taso, ban da kuɗin kwastan. Gidajen gwanjo da yawa, waɗanda suke sayar da kayan shagon da aka rufe ko na mamaci, suna ɗora wa mai saye wani kaso a kan abin da ya taya, al'adar da manyan gidajen gwanjo na Christie's da Sotheby's suka shigo da ita a Landan a 1975 a kan kashi 10 cikin 100, wadda a yau takan haura haka sosai. Sai kuma kuɗin gyara, da darajar garantin da aka rasa. Idan aka cire duk waɗannan, abin da ya kamata mutum ya taya a kan kayan hannu mai kyau yana iya tsayawa a 55 ko 60. Wanda ya taya 85 yana ganin ya samu ragin 15, a zahiri ya riga ya wuce kuɗin sabo.

Kanti, ko na gari ne ko na intanet, yana da abubuwan da ba a ganin kuɗinsu sai ranar matsala. Akwai rasit, akwai garanti, akwai damar mayar da kaya, farashin kuma ba ya motsi don wani ya nuna sha'awa. Mutum yana iya tafiya ya yi shawara ya dawo bayan mako guda. Raunin kanti shi ne ba ya da kayan da aka daina ƙerawa, kuma sababbin kayan hannu masu arha sau da yawa ƙarfensu ba ya riƙe kaifi, masu kyan kuma, irin na Lie-Nielsen da ke jihar Maine a Amurka ko Veritas na Kanada, suna da tsada.

A ganina, duk abin da har yanzu ake ƙera shi kuma yana nan a kanti, a saye shi a kanti, sai fa idan gwanjo ya ba da rangwame mai kauri bayan an yi lissafin da ya gabata. Kayan Lie-Nielsen da Veritas ba sa faɗuwa sosai a kasuwar hannu, shi ya sa gwanjonsu yakan ƙare dab da farashin sabo, wani lokaci ma sama da shi idan kamfanin ya ɗan yanke kaya. Mai iya jiran wata biyu ko uku a sake kawo kaya ya fi wanda ya biya ladan gaggawa.

Injinan lantarki sun fi kowane rukuni haɗari a gwanjo. Hoto ba ya nuna motar cikin injin da ta kusa ƙonewa, ba ya jiyar da ƙarar boris da ya cinye, kuma batirin litiyum da ya tsufa kamanninsa ɗaya da sabo, alhali sabon batiri yana iya cin babban kaso na kuɗin injin. Garantin kamfani galibi yana bukatar rasit daga dillalin da aka amince da shi. Akwai kuma batun wuta, domin injin da aka ƙera don Amurka yana aiki ne da wuta mai ƙarfin volt 120, yawancin ƙasashen Turai da Afirka kuwa suna kan 220 zuwa 240. Injin zarto, ko na huda, ko na goge katako, idan ba a gaban mutum za a kunna shi ya ji ƙararsa ba, kanti ya fi kwanciyar hankali.

Inda gwanjo yake da amfani na gaske shi ne tsofaffin kayan hannu, kuma a nan ne ya kamata mai saye ya zauna ya yi karatun ta-natsu. Kamfanin Stanley ya sayi haƙƙin ƙirar filen Leonard Bailey a 1869, ya shafe shekaru masu yawa yana fitar da filen ƙarfe bila adadin, kamfanin Record na Sheffield a Ingila ya bi irin wannan ƙirar, Henry Disston kuma ya fara ƙera zarto a Filadelfiya tun 1840. Kayan da suka fito daga waɗannan masana'antun kafin tsakiyar ƙarni na 20 suna nan da yawa a hannun mutane, kuma idan aka wanke tsatsa aka wasa su, suna aiki kamar masu tsada na yau a kan kuɗi kaɗan. Kanti ba shi da abin da zai yi gogayya da su a wannan farashin.

Sai dai kasuwar tsofaffin kaya mutum iri biyu ne a cikinta, masu aiki da masu tarawa, kuma mai aiki ba ya cin riba idan ya shiga takara da mai tarawa. Filen Stanley lamba 1 ƙarami ne da bai kai tsawon inci 6 ba, amfaninsa a shago kaɗan ne, amma masu tarawa suna biyan ninkin-ba-ninkin kuɗin lamba 4 a kansa saboda ƙarancinsa. Haka nan kwalin asali, da tambarin wata shekara ta musamman, da fentin da bai goge ba, duk suna ɗaga farashi ba tare da sun ƙara wa katako santsi ba. Kafinta ya nemi lamba 4 da lamba 5, waɗanda suke ko'ina, ya kuma fi son wanda fentinsa ya koɗe ko aka rubuta sunan tsohon mai shi a jiki, domin irin wannan ne masu tarawa suke tsallakewa.

Duba hoto kuwa sana'a ce mai zaman kanta. A jikin filen, wurin da ya fi muhimmanci shi ne bakin da wuƙa take leƙowa ta ƙasa, da kuma gefuna biyu, saboda ƙarfen zubi ne, idan ya faɗi yakan tsage, tsagar kuma ko an yi mata walda da wuya ƙasan ya koma daidai. Tsatsar sama ba abin tsoro ba ce, tana fita. Wadda ta ci rami a bayan wuƙa kusa da baki ita ce matsala, domin duk washin da za a yi, kaifin zai riƙa fitowa da giɓi. Mariƙin katako da ya karye ana iya manne shi ko a sassaƙa wani, amma ƙaramin sukurun da ya ɓace yana iya wahalar samu, tunda zaren sukurun tsofaffin Stanley bai yi daidai da na kasuwar yau ba. A zarto, a nemi hoton da aka ɗauka daga mariƙi zuwa ƙarshe ta kan haƙora, don a ga ko ya lanƙwashe. Idan mai sayarwa ya saka hoto biyu masu duhu, aka roƙi ƙari ya yi shiru, to a bar masa kayansa.

Akwatin kaya da ake sayarwa a dunƙule yana da jan hankali, amma a ƙiyasta kuɗin abu biyu ko uku da ake bukata a ciki kawai, sauran a ɗauke su a matsayin nauyin da za a biya kuɗin dakonsa.

Wanda ya yanke shawarar shiga gwanjo, aikinsa na farko shi ne ya duba jerin kayan da aka riga aka sayar, wanda eBay yake nunawa, domin abin da masu sayarwa suke nema daban, abin da aka biya daban. Daga nan ya duba farashin sabo a kanti biyu ko uku, ya yi ragin da ya dace, ya rubuta iyakarsa a takarda tun gwanjon yana da sauran kwanaki, lokacin da zuciya take kwance. Ya shigar da wannan adadin sau ɗaya, kusa da lokacin rufewa idan shafin mai tsayayyen lokaci ne kamar eBay, don kada ya ba abokin takara damar yin ta ƙari. Wasu shafukan suna ƙara mintuna duk lokacin da tayi ya shigo a ƙarshe, a can jinkiri ba ya da amfani, takardar ce kaɗai kariya. Ya kuma lura da tarihin tayin, domin idan wani asusu marar tarihi yana ta ƙara kaɗan-kaɗan a kayan mai sayarwa guda ba tare da ya taɓa ci ba, akwai yiwuwar ɗan kore ne, abin da dokokin shafukan suka haramta. Tayi alkawari ne, wanda ya ci wajibi ne ya biya.

Ranar da kayan suka iso, a buɗe kwalin nan take, a ɗauki hotonsa kafin a taɓa komai, a ɗora ƙasan filen a kan gilashi ko wani shimfiɗaɗɗen abu a ga ko yana rawa, a haska bakinsa da tocila a nemi tsaga. Tsarin kariyar mai saye na eBay yana ba da kwana 30 a kai ƙorafi idan kaya ya saɓa wa bayanin da aka yi, gidajen gwanjo da yawa kuwa suna sayarwa ne a yadda kayan yake, ba mayarwa. Kada a fara kankare tsatsa ko washi sai an tabbatar za a riƙe kayan, domin da zarar dutse ya taɓa wuƙar, mai sayarwa yana da hujjar cewa ba haka ya aiko ta ba.